Yadda ake rubuta taken da zai jawo mai karatu daga Google

Ƙanwata tana rubutun girke-girke a intanet. Wata bazara ta zauna ta yi rubutu mai kyau a kan kunun aya: yadda ake tsince ayar a wanke ta tas, a jiƙa, a markaɗa da dabino da kwakwa da 'yar citta da kanumfari, da abin da ke sa shi tsami tun kafin la'asar. Ta sa masa take "Ni'imar Bazara". Mako biyu babu wanda ya leƙa, sai ƙawayen da ta tura wa ta WhatsApp. Ta zo ta ce, "Yaya, ko rubutun ne bai yi ba?" Na ce rubutu lafiyarsa ƙalau. Amma wace mata ce kununta zai lalace ta ɗauki waya ta rubuta wa Google "ni'imar bazara"?

A zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, mai karatu ya riga ya biya kuɗinsa, jarida na hannunsa, ko da karin magana aka sa a kanun labari zai karanta abin da ke ƙasa. Take na intanet kuwa shi kaɗai yake fita yawo, cikin jerin wasu takun da ke gogayya da shi a fuskar waya. Dole ya faɗi abin da ke cikin rubutun, kuma da bakin wanda ke nema.

Ka fara da gama rubutun. Bayan nan ka tambayi kanka: wanda ya karanta wannan, me zai iya ko me zai sani wanda bai sani ba ɗazu? Ka amsa da jimla ɗaya, kamar kana gaya wa maƙwabcinka ta kan katanga. Idan jimla ɗaya ta gagara, batutuwa biyu ka cusa wuri guda, sai ka raba su.

Mataki na biyu shi ne mai cin lokaci, kuma shi yawancinmu muke tsallakewa: neman kalmomin da mutane ke rubutawa da yatsunsu. Ka buɗe Google a wayarka ka fara rubuta "yadda ake haɗa kunun", ka dakata. Jerin da zai sauko maka daga abin da mutane ke nema yake fitowa. Ka gwada "haɗa", ka gwada "yin", ka gwada "dama", ka ga wanne ya fi kawo abin da ya dace da rubutunka. Ka gangara ƙasan shafin sakamako, akwai wasu tambayoyi masu alaƙa a can. Idan kana wasi-wasi tsakanin kalmomi biyu, Google Trends kyauta ne, zai kwatanta maka su, kuma kana iya zaɓar Najeriya ko Nijar. A nan ne marubuci ke sauke girman kai. Ɗalibin da ke jiran sakamako "JAMB" zai rubuta, ba "hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu" ba. Mai neman lambar ɗan ƙasa "NIN" ya sani. Ka adana cikakken sunan Hausa ka sa shi a sakin layi na farko, a take kuwa ka kira abu da sunan da ake kiransa a titi.

Da ka samu kalmar, ka sa ta a farko-farkon take, kuma ka taƙaita. Google na datse taken da ya yi tsawo ya sa ɗige-ɗige a wurin, galibi idan ya haura haruffa 60 ko kusa da haka. Na ƙanwata mun mayar da shi "Yadda ake haɗa kunun aya ya wuni bai yi tsami ba". Haruffa 48 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Rabin farko abin da ake nema ne, rabi na biyu kuma damuwar mai kunun ce, wato dalilin da zai sa ta zaɓi wannan ta bar na sama da shi.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu Hausawa, ta haruffa masu ƙugiya. Mutane da yawa "kosai" da "dan wake" suke bugawa a waya, ba "ƙosai" da "ɗan wake" ba. Wasu marubuta saboda haka sun watsar da ƙugiya gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba. "Fada ta cika" daban, "faɗa ya ɓarke" daban, kuma take shi ne wurin da ba ka da sararin yin bayani idan an fahimce ka a baibai. Abin da nake yi shi ne in rubuta take da ƙugiyarsa daidai, adireshin shafin kuma in bar shi da haruffa marasa ƙugiya, don ya yi sauƙin turawa da bugawa. Kafin ka saki rubutu, ka nemi kalmar a Google ta fuskokin biyu ka ga abin da kowace ke fitarwa.

Sai ka ƙara abin da zai bambanta naka: wuri, lokaci ko adadi. "Farashin hatsi ya tashi" bai gaya wa kowa komai ba. "Farashin masara da gero a kasuwar Dawanau" ya kira manomi da ɗan kasuwa da uwargida. Idan farashi ne ka sa wata da shekara, domin "wannan makon" zai ci gaba da zama a Google bayan makon ya daɗe da wucewa. Idan ka ce hanyoyi 5, to su cika 5, kowace da amfaninta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taken yaudara. A sa hoton mutum yana raye lafiya lau, a rubuta "Innalillahi" a sama, jama'a su shiga da faɗuwar gaba, ashe motarsa ce ta lalace a hanya. Kalmar da muke furtawa lokacin musiba ba ƙugiyar kama mutane ba ce. Haka "Da ɗumi-ɗumi" a kan labarin shekaranjiya, da "Tirƙashi!" a kan abin da bai kai ya kawo ba. Alkawari kaya ne, take kuma alkawari ne ka ɗauka. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce: Facebook ya sanar tun 2014, ya kuma ƙara a 2016, cewa yana rage yaɗuwar irin wannan take mai ɓoye magana don a latsa. Google kuma, idan ya ga take bai dace da abin da ke cikin shafi ba, yakan maye gurbinsa da wanda ya haɗa da kansa.

Kada ka tsaya a take ɗaya. Ka rubuta biyar ko shida, ka karanta su a bayyane. Wanda harshenka ya sarƙe a kansa ka jefar. Ka tura biyu da suka rage wa wanda bai ga rubutun ba, ka tambaye shi me yake zaton zai tarar a ciki. Idan amsarsa ta yi daidai da jimlar nan da ka rubuta tun farko, ka samu.

Bayan 'yan makonni, idan shafin naka ne, ka shiga Google Search Console. Zai nuna maka kalmomin da aka nema har rubutunka ya bayyana, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa. Idan ana gani ba a latsawa, ka sake take, amma kada ka taɓa adireshin, don kada hanyoyin da aka riga aka tura wa mutane su mutu. A nan ƙanwata ta gano cewa wasu matan "kunun aya na sayarwa" suke nema, sai ta zauna ta yi musu rubutu na daban a kan awo da ƙulli da ƙanƙara, ta sa masa wannan sunan.