Kurakuran da ke ƙarar da kifin teku da yadda ake gyara su

Babban kuskure shi ne auna lafiyar teku da abin da jirage suka sauke a gaɓa. Kifi garke-garke yake tafiya. Ko ya kusa ƙarewa, ragowar sukan dunƙule wuri guda, na'urar jirgi ta hango su, a kwashe, jirgi ya dawo shaƙe, kowa ya ce kasuwa ta yi kyau. Haka ta faru a gabashin Kanada. A 1968 an kamo kifin kod fiye da tan 800,000 a ruwan Newfoundland. Masunta masu ƙananan kwale-kwale sun daɗe suna kukan cewa kifin da ke shiga komarsu sai ƙanƙancewa yake yi, amma aka fi yarda da lissafin manyan jirage. A 1992 dole gwamnati ta hana kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma tan 18,000 kacal. Gyaran ba wuya: a riƙa auna tsawon kifin, a rubuta awa nawa aka yi kafin a cika jirgi. In kifi na ƙanƙancewa, awanni na ƙaruwa, to ruwa ya fara gajiya ko da sikeli bai nuna ba.

Sai raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe ɗan kifin da bai taɓa yin ƙwai ba. Wannan cin iri ne, manomi ma ya san ƙarshensa. A faɗaɗa idon raga, a huta lokacin ƙwai. Gana tana rufe teku ga masunta a wasu makonni na shekara, sai dai hutun da ba a tanadar wa masunci abin sawa a baki ba, da dare ake karya shi.

Wasu kan ce ai kiwon kifi ya raba gardama, tunda a 2022 abin da aka kiwata ya zarce wanda aka kamo. Ban yarda ba. Me kifin kiwon yake ci? Da yawa garin kifi ne, kuma kilo ɗaya na garin yakan cinye kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye. A Nuwadibu ta Muritaniya masana'antu suna niƙa ƙananan kifayen da talakan Senegal da Gambiya ke miya da su. Mai kiwo ya fi kyau ya karkata ga irin karfasa, wadda abincin tsiro ke riƙe ta, garin kuma a yi shi da kai da ƙaya da ragowar da aka yanke.

Akwai kuma kuskuren gwamnatoci, kowace ta yanka wa kanta kaso. Titus ɗin da mai kifin ƙanƙara ke ɓantarowa daga kwali a Sabon Gari, galibi daga arewacin Atilantika yake zuwa. Shekaru ke nan Norway da Birtaniya da Tarayyar Turai da Iceland sun kasa daidaitawa kan rabonsa, in aka haɗa kasonsu sai ya wuce abin da masana suka ce a kama. A fara yarda da jimilla guda, sannan a zauna rabo.