Yadda Ake Zaɓen Gas ɗin Kilim ɗin Mota a Damagaram

Idan bazara ta kama a Damagaram, zafi ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sai ka ga motoci sun yi layi a garejin masu gyaran kilim, kowa na neman a ƙara masa gas. Kafin mai mota ya yarda a jona masa kowace tukunya, akwai abubuwan da ya kamata ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko a buɗe kapo a nemi 'yar takardar da kamfani ya manna, domin a kanta aka rubuta nau'in gas ɗin da motar ke sha da nauyinsa a giram. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 sun zo da R-12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ƙera shi saboda yana cinye rufin ozon, iskar da ke can sararin sama tana tare mana hasken rana mai cutarwa. Akasarin motocin da ke yawo a garin nan R-134a suke amfani da shi. Shi ba ya taɓa ozon, kuma ba ya kama wuta a yanayin da aka saba, amma kilo ɗaya da ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Ke nan giram 600 da makaniki ya saki a iska ya haura kilo 850 na iskar kabon wajen ɗumama duniya.

Wannan ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin motoci daga Janairun 2017, aka koma ga R-1234yf, kuma irin waɗannan motoci sun fara iso mu a matsayin na hannu. Sabon gas ɗin kusan ba ya ɗumama duniya, sai dai yana iya kama wuta kaɗan, idan kuma ya ƙone yakan fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona fata da huhu. A kan haka ne kamfanin Daimler, mai ƙera motocin Marsandi, ya yi ta jan ƙafa wajen karɓar sa a 2012. Gas ɗin yana da tsada sosai, shi ya sa wasu ke ba da shawarar a zuba R-134a a madadinsa. Bai kamata a amince ba. Bakin jona tiyo na kowane nau'i ma an yi shi daban da gangan, don kada a haɗa su.

Mataki na biyu shi ne neman inda yake yoyo. Kilim ba ya cin gas yadda inji ke cin mai. Idan ya ragu, to, akwai kafar da yake fita. A duba tiyo da zobban roba da gindin kwampireso, inda maiƙo ya taru da ƙura a nan matsalar take. A kuma wanke ragar gaba, domin ƙurar hunturu kaɗai takan toshe ta har sanyi ya ragu alhali gas bai je ko'ina ba.

Sai zaɓen tukunya, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa. Gas mai araha fiye da kima abin tuhuma ne. Wani ana gauraya shi da furofen ko butan, dangin gas ɗin girki, wanda yake sanyi da kyau, bai kuma cika cutar da muhalli ba, amma idan ya yi yoyo cikin motar da ba a ƙera ta dominsa ba, tartsatsi ɗaya ko taba sigari ya isa. Wani jabun kuma yana ɗauke da R-40, wanda ke cin alminiyon da ke cikin na'ura. Shi ne ya haddasa fashewar kwantenonin sanyi a 2011, har ma'aikata suka mutu a Biyetnam da Barazil.

Bayan an toshe yoyon, a sa famfon zuƙe iska ya yi aiki kamar minti 30 don ya fitar da danshi, sannan a zuba gas bisa sikeli, daidai giram ɗin da takarda ta faɗa, tare da man kwampireso da ya dace da shi. Awon ido yakan kai ga cikawa fiye da kima, abin da ke wahalar da kwampireso a irin zafinmu. Mai aikin ya sa tabarau da safar hannu, domin ruwan R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, sanyinsa yana ƙona fata nan take. Tukunyar kuma a ajiye ta a inuwa, nesa da mai walda.