Darasi: Haske Ba Ya Shan Kwana

Ku tuna lokacin da ake shara a ɗaki mai duhu, rana ta leƙo ta wata 'yar huda a jikin taga. Ƙurar da ta tashi takan tona hanyar hasken, ga shi nan siriri, miƙe samɓal kamar an ja zare. Haka haske yake tafiya daga inda ya fito zuwa inda za shi.

Kada ku yarda don kawai an faɗa, ku gwada. Ku sami guntun tiyo kamar kamu ɗaya, ku kunna kyandir. Ku miƙar da tiyon, ku leƙa ta ciki, za ku ga harshen wutar. To, ku ɗan lanƙwasa shi. Wutar ta ɓace, alhali tana nan tana ci. Hasken ne ya kasa bin lanƙwasar. Dalilin inuwa ke nan: in mutum ya tare haske, ba ya zagayowa ta bayansa.

A da, wasu masana sun ɗauka ido ne yake fitar da haske ya je ya taɓa abu. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekara ta 965, ya kawo hujja cewa hasken ne yake barin abu ya shigo ido. Ai kuwa da ido ke fitarwa, da ba mai laluben tocila cikin dare.

Sai maganar gudu. A sakan ɗaya haske yana cin kusan kilomita 300,000, tafiyar da ta kai a zagaya duniya sau bakwai har da ɗoriya. Duk da haka, tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, don haka sai ya yi minti 8 da sakan 20 a hanya. Kusan duk hanyar nan fayau take, babu iska, kuma bai damu ba. Sauti kuwa in ba iska ko ruwa ko wani abin da zai bi, ba ya zuwa ko'ina, ga shi da nawa: kusan mita 340 kacal a sakan cikin iska. Shi ya sa walƙiya take riga tsawa isowa.

In haske ya bar iska ya shiga ruwa a karkace, gudunsa yana raguwa, sai ya ɗan sauya hanya a daidai fuskar ruwan. Ku tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, za ku gan shi kamar ya karye.

Aikin gida: ranar da hadari ya haɗu, ku zauna cikin ɗaki. Da ganin walƙiya ku fara ƙirga sakan har ku ji tsawa. Kowane sakan 3 kusan kilomita 1 ne na nisan da ke tsakaninku da walƙiyar. Ku rubuta adadin a littafinku ku zo da shi aji.