Yadda na farfaɗo da tsohuwar kwamfutar gidanmu

Kwamfutar nan ta HP tun 2012 take gidanmu a Birnin Kebbi. Kwanan baya ta kai idan na kunna ta, sai in haɗa shayi in shanye kafin ta gama buɗewa. Kuɗin sabuwa kuwa babu.

Na fara da abin da ba ya cin ko sisi. Da na kwance murfin, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a fanka kamar audugar tsohuwar katifa. Ashe idan zafi ya yi yawa, injin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Na share ta da tsohon buroshin haƙori, sannan na shiga Task Manager, wurin da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta, na kashe manhajojin da ke tashi da kansu.

Ta ɗan motsa, amma da sauran rina a kaba. Wani mai gyara a kasuwa ya saurari ƙarar da take yi, ya ce, "Yallaɓai, faifan ajiyar ne ya gaji." Na sayi SSD, wato sabon samfurin ma'ajiya, mai gigabayit 128, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, na kuma ƙara RAM na hannu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga gigabayit 2 zuwa 4, samfurin DDR3, don shi kaɗai raminta ke karɓa. Tsohon faifan na adana shi, hotunan bikin Yaya na ciki.

Yanzu kafin in ɗora buta a wuta ta buɗe.