Kurakuran da aka fi yi wajen barin manhajar tsaro ta share fayilolin wucin gadi

Mai shagon buga takardu a Garwa ko Marwa ya san wannan kuka: an yi awa biyu ana gyara takardar neman shiga jarrabawa, an ajiye, washegari an nema an rasa. Nan da nan sai a ce cuta ce ta shiga kwamfuta. Sau da yawa manhajar da aka sa don tsaro ce ta share aikin, domin an ba ta izinin shara ba tare da an duba iyakar izinin ba. Avast, McAfee, 360 Total Security, duk suna da ɓangaren goge tarkace, Windows ma yana da nasa.

Babban kuskure, wanda ya fi cin mutane, shi ne yin aiki a cikin ma'ajiyar wucin gadi ba tare da sani ba. Idan aka aiko maka da takarda ta imel ko a cikin fayil na ZIP, ka buɗe ta kai tsaye, sau da yawa kwamfuta tana kwafe ta ne zuwa wani ɓoyayyen wuri irin su Temp, a ƙarƙashin AppData. Ka yi gyara, ka danna Enregistrer, hankalinka ya kwanta. Amma takardar tana zaune ne a inda manhajar ta ɗauka juji ne. Kamar ka ajiye kuɗin cinikinka a kwandon shara ne, sannan ka yi fushi da yaron da ya zubar da safe. Maganin: da zarar takarda ta buɗe, kafin ka taɓa harafi ɗaya, zaɓi Enregistrer sous, ka kai ta Documents. Ka koya wa yaran shago wannan tun ranar farko, domin su ne suka fi zama kan na'urar.

Na biyu ya shafe mu ƙwarai a nan Arewa, inda ɗauke wuta ke tsananta idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Word yana ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10, in ba a canza ba. Wuta ta ɗauke, ta dawo, kwafin nan shi kaɗai ya rage maka. To wasu sun saita mai shara ya fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, kuma akwai manhajojin da ke bin fayiloli masu ƙarewa da .tmp su kwashe duk inda suka gan su. Ka cire sharar lokacin kunnawa. Bayan ɗaukewar wuta, Word za ka fara buɗewa: Fichier, Informations, Gérer le document, sai Récupérer des documents non enregistrés. Ni ina ganin minti 10 ya yi wa wutarmu yawa; ka shiga Options, Enregistrement, ka mayar da shi 3.

Akwai kuma masu mayar da Téléchargements (inda abin da aka sauke yake zuwa) da Corbeille (kwandon sharar kwamfuta) rumbu. Assistant de stockage na Windows 10 da 11, wanda ke ƙarƙashin Paramètres, Système, Stockage, yana zubar da abin da ya kwana 30 a Corbeille idan yana kunne. Téléchargements kuwa yana zuwa ne a kan Jamais, wato ba ya taɓa shi, sai dai mai gyara ko wani ɗan'uwa ya canza don samun fili. Leƙa ka gani da idonka. A 2018 tsohon mai sharar Windows, Nettoyage de disque, ya taɓa sa Téléchargements cikin jerin abin gogewa, mutane suka yi ta danna alama a kowane akwati ba su karanta ba.

Wasu idan abin ya cije su sau ɗaya sai su kashe manhajar tsaron gaba ɗaya. Wannan ya fi muni, musamman a shagon da makullan USB ashirin ke shiga kwamfuta ɗaya a wuni. Shara daban, gadi daban. Kashe sharar da ke tashi da kanta, ko ka sa ta riƙa nuna maka jeri kafin ta goge, ka bar gadin yana aiki. A CCleaner, wata manhajar goge tarkace, akwai zaɓin da ke hana goge fayilolin Temp da ba su kai awa 24 ba; kada ka cire masa alama.

Sannan a bambanta gogewa da killacewa. Fayil ɗin da Microsoft Defender, mai gadin da ke zuwa da Windows, ya zarga yakan tafi Quarantaine ne, wato wurin killacewa. Za ka same shi a Sécurité Windows, cikin Historique de protection, kuma kana iya dawo da shi idan ka tabbata da tsabtarsa. Kada ka yi jinkiri, don ana zubar da abin da ya daɗe a can. Kada kuma ka sa faifan C gaba ɗaya cikin Exclusions, jerin wuraren da mai gadi ba ya dubawa, don huce haushi. Dossier ɗaya na aikinka ya isa, shi ma sai da dalili.

Idan aikin gama ya gama, fayil ya tafi, to ka tsaya cak. Kowane sabon abu da ka sauke yana iya hawa kan gurbin wanda ya ɓata. Kada ka girka Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, ko makamancinta a kan faifan da kake son ceto. Ka tafiyar da ita daga makullin USB, abin da ta samo ma ka ajiye shi a can. A tsohon faifai mai juyawa akwai fata sosai. A SSD kuwa, sabon faifai marar juyawa, wani tsari mai suna TRIM yana wanke gurbin da wuri, shi ya sa mai sabuwar kwamfuta ya fi kowa buƙatar kwafin aikinsa a wuri na biyu kafin ya rufe shago.