Darasi na 7: Lambu a Tsakar Gida

Birni yana cinye gona. Wuraren da ake noman gero da dawa a bayan garin Kano a da, yau an yanka su filoti, an yi gini. Mutane sun ƙaru, kayan miya sun yi tsada. Amma noma bai bar birni ba. Tun kaka da kakanni manoman karkarar Kano ke shigowa da jakuna, su cika mangala da shara da toka da kashin awaki, su kai gona. A gefen rafin Jakara kuma masu lambu na shuka latas, alayyafo, karas da albasa, rani da damina.

Sai dai akwai damuwa a nan. Ruwan kwatar gidaje yana gangarawa cikin Jakara. Rafin Getsi kuma yana kwaso dattin masana'antun Bompai, har da na masu jima, ya haɗe da shi. Ganye yakan yi kore shar da irin wannan ruwa, amma yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta da gubar da ido ba ya gani. Ba laifin mai lambu ba ne, ruwan da ya samu ke nan. Shi ya sa nake son kowane gida ya shuka ko da ɗan abin da zai sa a miya, da ruwan da ya yarda da shi.

Ba sai kuna da fili ba, buhu ya isa. Ku samo tsohon buhun shinkafa, ku huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyaya. Ku haɗa ƙasa kwano 2, yashi kwano 1, taki kwano 1, ku yi ta aunawa haka har buhu ya kusa cika. Ku naɗe bakinsa, ku ɗora shi a kan bulo inda rana ke samu kamar awa 6.

A kula da taki sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Takin da ya yi, za ku gan shi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ba ya ɗumi. Kada ku ɗebo ƙasar bola inda ake zubar da batir da baƙin mai.

Ku fara da alayyafo, don ba ya ba da wahala. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da yashi kafin a yayyafa. Cikin wata guda za ku fara tsinka. Ku yanki sama ku bar gindin, zai sake tohowa. Kuɓewa takan kai wata biyu, kuma tsiro biyu sun ishi buhu ɗaya. Yakuwa da rama ma suna yi.

Ban ruwa da sassafe ne ko da yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani, ku tara su a bokiti. Ruwan da aka sa omo ko bilic kuwa, a zubar. Kafin ku zuba, ku tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ku bari sai gobe.

In ƙwari sun kama ganye, ku daka ganyen darbejiya, ku jiƙa ya kwana, ku tace, ku yayyafa da yamma. Akuya da kaji kuwa sai shinge, ko da na tsohon gidan sauro ne.

Aikin gida: ku rubuta sunan abin da kuka shuka da ranar da kuka shuka shi. Ranar da ya tsiro ma ku rubuta. Ku zo da littafin mako mai zuwa, mu karanta tare.