Yadda za ka gwada zatonka kafin ka zuba jari a kansa

Aikina a nan Jos shi ne gyara wa masu shaguna da ƙananan masana'antu lissafinsu, daga Terminus zuwa Farin Gada da Titin Bauchi. Maganar da ta fi shiga kunnena ita ce "ciniki ya mutu." In na tambayi dalili, amsa na nan a shirye: babu kuɗi a gari, ko maƙwabci ya karya farashi, ko yaron shago ba ya sakin fuska. Mai yiwuwa ɗaya cikinsu gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne mutum ya ɗauki dalilin da bai gwada ba, ya rage farashi ko ya sallami yaro ko ya ci bashi ya sauya kaya a kansa. Hanyar da masana kimiyya ke bi ta dace da kasuwa sosai, kuma ba ta buƙatar ɗakin bincike. Littafin rubutu da biro da haƙurin 'yan makonni sun isa.

Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya tarar da manyan magabata suna cewa ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Bai tsaya ga girman sunansu ba. Ya shirya ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa da fitilu, ya nuna yadda haske ke tafiya miƙe daga abu zuwa inda ya sauka. Ɗabi'ar da nake so ɗan kasuwa ya ara ke nan: kowa ya faɗi magana, har da kai kanka, a tambaya yaya za a gwada ta.

Ka fara da rubutu, tun kafin ka taɓa komai. Aƙalla mako 4 kana rubuta abin da ya fita kullum: wane kaya, guda nawa, a kan nawa, da abin da ya faru a ranar, ruwan sama ne, an ɗauke wuta ne, an yi albashi ne. Ka riƙa ƙirga kaya, kar ka tsaya ga kuɗi kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, har mutum kan ga nairorin da ke shigowa sun fi na bara ya yi murna, alhali buhunan da yake sayarwa sun ragu. Wanda bai rubuta adadin kaya ba ba zai taɓa ganin wannan ba.

Daga nan sai ka matse tambayar. "Me ya kashe ciniki?" ta yi faɗi da yawa. Mu ɗauki misalin mace mai haɗa yogot a gida, tana rarraba wa shaguna 10, wasu kusa da Jami'ar Jos wasu cikin gari. A watan Disamba robobin da ake saye suka ragu. Ita ta tsaya a kan cewa ƙarin farashin da ta yi ne, don madarar gari ta yi tsada. Zan ce mata: Hajiya, rubuta wannan, amma rubuta sauran ma. Jos tudu ce, sanyin hunturunta kuwa kowa ya san shi, ba kowa ke marmarin abu mai sanyi a lokacin ba. Ɗalibai na iya kasancewa sun tafi hutu. Wata na iya fara kawo nata yogot a shagunan. Wuta na iya yin ƙaranci har firij ya daina riƙe sanyi, ɗanɗano ya sauya.

A nan ne aikin ke da daɗi, domin kowane dalili yana barin sawu irin nasa. In ɗalibai ne, shagunan bakin jami'a ne za su faɗi, na Terminus su tsaya yadda suke. In sanyi ne, duka za su ragu tare, kuma cinikin rana zai fi na safe da na dare riƙewa. In farashi ne, faɗuwar za ta fara a makon da aka yi ƙarin, ba kafinsa ba, ba kuma bayan wata guda ba. In abokiyar hamayya ce, sai a je a leƙa firij ɗin shagunan. Sau da yawa littafin nan kaɗai yana kore dalilai biyu ko uku ba tare da an kashe ko sisi ba.

A ce an tace, farashi ya rage a matsayin abin zargi, Hajiya kuma ta yi tunanin kawo ƙaramar roba a rabin kuɗi. Yanzu sai ta rubuta hasashenta ta yadda zai iya faɗuwa. Karl Popper, masanin falsafar kimiyya, ya dage a kan wannan: maganar da babu wani sakamako da zai iya ƙaryata ta ba ta kimiyya ba ce. "Mutane na son ƙaramar roba" ba hasashe ba ne, don ko mutum 3 suka saya za a ce ai ga shi. Hasashe shi ne: "In na sa ƙaramar roba a shago, ribar da nake samu daga shagon za ta ƙaru da aƙalla kashi 15 cikin 100 a mako 4. In ba ta kai ba, na bar maganar." A rubuta da kwanan wata, a ba wani amintacce ya ajiye. Ina nacewa a kan wannan domin na san halin zuciya: in sakamako ya zo ƙasa da abin da aka so, nan take za ta fara nemo uzuri, ta ce ai kashi 5 ma ba laifi.

Sai gwajin kansa. Manomin dankalin Turawa a Bokkos da ke son sanin ingancin sabon taki ba ya zuba wa gona duka. Yana zuba wa wasu kunyoyi ya bar wasu, duk ruwa ɗaya ya sauka a kansu, ranar haƙa ya kwatanta. Haka Hajiya za ta yi: shaguna 5 su samu ƙaramar roba, 5 su ci gaba da babba kaɗai, a makonni guda. Shagunan da ba a taɓa ba su ne ma'auni. In sanyi ya lafa ko ɗalibai suka dawo, duka 10 za su amfana, don haka bambancin da ya rage tsakanin ɓangarorin biyu na robar ne.

Wa zai zaɓi shagunan? Ƙuri'a. A rubuta sunayensu a 'yan takardu, a naɗe, a zuba a kwano, yaro ya ɗebo 5. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya kafa wannan ƙa'ida a gwajin gonaki, kuma dalilinsa ya shafe mu kai tsaye. In Hajiya ce ta zaɓa da kanta, hannunta zai kai ga shagunan da suka fi ciniki ko waɗanda masu su ke mutunci da ita, su riƙa tallata mata sabon kayan. Daga baya ba za a san robar ce ta yi aiki ba ko mai shagon. Wanda shagonsa ɗaya ne yana iya yin ƙuri'a a kan ranaku, wasu da sabon tsari wasu da tsohon.

Abu ɗaya za a sauya. In an kawo ƙaramar roba aka kuma sauya takardar jikinta aka ƙara sukari duk a lokaci guda, ko ciniki ya tashi ba a koyi komai ba. A kuma guji azumi da makon Sallah da Kirsimeti, a tabbata lokacin gwajin ya haɗa da ƙarshen wata da tsakiyarsa, don cinikin ranar albashi daban yake.

Akwai mai cewa me ya sa ba za a tambayi masu saye kawai ba. A tambaye su, amma a san irin tambayar. Mu mutane ne masu kara. Ka miƙa wa maƙwabciya yogot kyauta ka ce yaya ta ji, za ta ce "Masha Allah, ai ya yi daɗi, Allah ya kawo kasuwa," ko da bai yi mata ba. Tambayar "za ki saya?" ba ta da nauyi. Wadda ke da amfani ita ce ta abin da ya riga ya faru: yaushe rabonki da sayen yogot, a ina, wace roba, nawa kika biya? Mafi ƙarfin shaida kuwa hannu a aljihu ne, mutum ya biya ko ya ba da kafin alƙalami. Ko manyan kamfanoni sun sha kashi a nan. Coca-Cola ta yi gwajin ɗanɗano da mutane kusan 200,000 kafin ta sauya lemonta a watan Afrilun 1985, sabon ya yi nasara a gwajin, amma jama'a suka yi ca, kafin wata 3 ta dawo da tsohon. An auna abin da harshe ya fi so a kurɓi ɗaya, ba a auna yadda mutane za su ji in an ɗauke musu abin da suka saba da shi ba.

Ranar lissafi a kula da abu biyu. Na farko, ƙaramar roba na iya cin cinikin babba: wanda da yake sayen babba yanzu ya koma ƙarama, adadin robobi ya ƙaru, riba ta ragu, tunda kowace roba da murfinta da takardarta kuɗi ne. Shi ya sa aka rubuta hasashen a kan riba. Na biyu, ciniki yana hawa da sauka da kansa ko ba a yi komai ba. A duba littafin makonnin farko: in dama yakan motsa da kashi 10 daga mako zuwa mako, to bambancin kashi 6 ba ya nuna komai. A kuma duba shago-shago. In 4 cikin 5 sun tashi, magana ta yi ƙarfi. In ɗaya ne ya yi sama ya ja sauran, a je a bincika, ƙila biki aka yi a unguwar. Sakamakon da ya tsaya a tsakiya sai a maimaita shi, a musanya ɓangarorin.

Wannan tsari ma an gwada shi a kan 'yan kasuwa. Masu bincike a Italiya sun raba sababbin kamfanoni 116 gida biyu da ƙuri'a, duka aka ba su horo, amma ɓangare ɗaya aka koya wa rubuta hasashe da gwada shi. A sakamakon da aka wallafa a 2020, waɗannan sun fi samun kuɗin shiga, kuma sun fi saurin sauya akala in tunaninsu na farko bai yi ba.

Ba kowane hukunci ne ake iya raba shi gida biyu ba. Ba za ka kama shago a Bukuru da wani a Katako na shekara guda don gwaji kawai ba. Amma kana iya zuwa ka tsaya a bakin kowanne a sa'o'i iri ɗaya, ranar aiki da Juma'a da Lahadi, ka ƙirga masu wucewa da masu shiga shagunan da ke kusa. Kana iya roƙon mai shago a wurin ya ajiye maka ɗan kaya kaɗan na wata guda a kan kamasho. Kuɗin gwajin dai ya zama kaɗan in an kwatanta da jarin da ake shirin zubawa.

Kuma kar gwaji ya zama hanyar cutar mai saye. Ba a rage mudu a ɓoye don a ga ko za a gane, ba a sayar wa mutum biyu kaya ɗaya a wuri ɗaya da farashi biyu suna kallon juna. Masu shagunan da Hajiya za ta yi aiki da su ta gaya musu gwaji take yi na mako 4, ta ba kowannensu takardar da zai riƙa rubuta abin da ya fita, ta kuma karɓi robobin da suka yi kwantai a kan asararta, don kar wani ya ɓoye mata adadin gaskiya saboda tsoron biya.